Zaren Haske, Sulke da Ramin Mugunta

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a wurin fasa dutsen siminti a Kalambaina. An shimfiɗa mana abin da injiniyoyi ke kira faiba. Wasu na ce masa wayar wuta. Mene ne sunansa na ƙwarai?

Amsa: Ɗana, masu cewa wayar wuta ba su tsaya sun duba abin ba, kuma wannan gaggawar laƙaba suna tana damuna. Babu tagulla a cikinsa, babu wutar lantarki. Zaren gilas ne siriri, kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Shi ya sa rugugin manyan injina da ƙarfin lantarkinsu ba su gurɓata saƙon, kuma ba ya tartsatsi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ramin kwal, inda iskar gas ke taruwa, tartsatsi ɗaya ya hallaka mutane. Ni dai zaren haske nake cewa.

Amma gilas ba ya jure lanƙwasa mai tsanani, ga danshi, ga ƙura, ga dutse na faɗowa. Don haka na cikin rami akan naɗe shi da zare mai tauri, a rufe da ƙarfe da roba mai kauri. Ga kuwa kalmar da muke da ita tun kafin zamanin mahayan Daular Usmaniyya: sulke, rigar ƙarfe. Kada a haɗa shi da lifidi, wanda auduga ce aka cusa aka ɗinke, ko da yake yaran yanzu sun mayar da su abu guda, har a rediyo ina jin haka. Ku ce zaren haske mai sulke, duk Basakkwace zai gane.

Tambaya: Ma'adinai Hausa ce?

Amsa: Aro ce daga Larabci, amma ta daɗe da zama gida.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere"? Ai rami haƙa shi ake yi.

Amsa: Gina na nufin tayar da bango, tana kuma nufin tonawa. Ba ka ji ana ginan rijiya ba? Ka bar karin maganar yadda ka same ta.