Wa ya dace ya jagoranci matashin likita mai bincike?

Tambaya: Na kammala horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara, an kuma ɗauke ni a shirin horar da likitoci masu bincike na wata jami'a. An ce in zaɓi jagora. Shin farfesan da ya fi kowa suna zan nema?

Amsa: Likita, suna yana da ranarsa, musamman lokacin neman tallafin kuɗi, amma abin da zai kai bincikenka gaci shi ne lokacin da jagoran zai ware maka. Farfesan da kullum yana hanyar taro ba zai zauna ya bi daftarin bincikenka layi-layi da jan biro ba, alhali wannan zaman shi ne ainihin horon.

Shi ya sa shirye-shirye masu inganci ba sa ɗora nauyin a kan mutum ɗaya. Tallafin K23 na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, wanda ake ba likitocin da ke bincike a kan marasa lafiya, yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, kuma ya shardanta cewa wanda ya samu tallafin ya ba bincike aƙalla kashi 75 cikin 100 na lokacin aikinsa a ƙarƙashin jagora. Takwaransa K43, wanda cibiyar Fogarty, ɗaya daga cikin waɗannan Cibiyoyin, ke gudanarwa domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, ya buƙaci jagora 2, ɗaya a ƙasar mai bincike, ɗaya a Amurka. Ni a ganina na gida ya fi muhimmanci a aikin yau da kullum, domin shi ne zai iya zama da shugaban sashenka har a rage maka kwanan asibiti da ranakun duba marasa lafiya. In ba a rage ba, kashi 75 ɗin nan a takarda kawai zai tsaya.

Ka haɗa da masanin ƙididdiga tun kafin ka tattara bayanin mara lafiya na farko, ba sai an gama ba.

Sai kuma abin da matasanmu ke jin nauyin faɗa saboda kunyar na gaba: a rubuta yarjejeniya. A fayyace sau nawa za ku riƙa haɗuwa, cikin mako nawa zai dawo maka da gyara, wa ke da iko da bayanan da aka tattara, da kuma sunan wa zai zo farko idan an buga sakamakon a mujalla. Sau da yawa saɓanin da ke raba jagora da almajirinsa daga batun jerin sunaye yake tasowa, kuma ba rashin ladabi ba ne a tsayar da magana tun da wuri. A ƙara da sharaɗin cewa shugaban shirin zai duba tafiyarku lokaci-lokaci, ta yadda idan zaman bai yi daɗi ba za a sauya jagora ba tare da an ɓata zumunci ba.

Kafin ka yanke shawara, ka nemi waɗanda ya jagoranta a baya ka tambaye su ko sun buga bincike da sunansu a gaba, da kuma ko sun samu tallafi na ƙashin kansu bayan sun bar hannunsa.