Shin kulle mutum shi kaɗai yana sa shi tuba?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya ko kulle mai laifi shi kaɗai yana kai shi ga tuba ta gaskiya. An taɓa gwada wannan, kuma na je na ga inda aka gwada: tsohon kurkukun Eastern State da ke Filadelfiya a Amurka. An buɗe shi a 1829, aka rufe a 1971, yanzu gidan tarihi ne.

Waɗanda suka kawo shawarar gina shi ba mugaye ba ne. Da yawansu Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Kweka da suka gaji da ganin bulala da cunkoson fursunoni. A ganinsu, in aka raba mutum da abokan banza, aka bar shi da Littafi Mai Tsarki da sana'ar hannu, zuciyarsa za ta dawo hanya. Don haka kowa da ɗakinsa, da ɗan fili a baya na shan iska. Abinci ta wata 'yar kafa ake miƙo shi. In za a fito da fursuna sai an rufe masa kai da ƙyalle don kada ya ga fuskar kowa. Masu gadi ma safa suke ɗorawa a kan takalmi saboda kada a ji takunsu.

Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan. Sai ka sunkuya kafin ka wuce ƙofar. Bango ya ɓarɓashe, gadon ƙarfe ya yi tsatsa, haske kuwa daga siririyar taga guda a rufi yake saukowa, wadda ake ce wa "Idon Allah". Shirun wurin kaɗai ya isa ya dagula wa mai lafiya lissafi, balle wanda zai shekara biyu a ciki.

Haka kuwa aka yi, mutane suka riƙa taɓuwa. Marubucin Ingila Charles Dickens ya ziyarci gidan a 1842, ya ce wannan azabar ta fi ta jiki muni. A 1913 aka soke tsarin a hukumance.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne sharuɗɗan tuba da malamanmu suka koya mana: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, ka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda aka kulle bai daina ba, hana shi aka yi. Nadama tana iya zuwa, ban musa ba. Amma ta yaya zai nemi yafiyar wanda ya cuta alhali ko sallama ba ya yi da kowa? Kuma ƙudurin da bai taɓa haɗuwa da jarrabawa ba, wa ya san ƙarfinsa?

Wadda ta sauya ra'ayi a fili ita ce ƙungiyar waɗanda suka kawo shawarar gina gidan. Ƙungiyarsu da aka kafa a 1787 tana nan har yau da sunan Pennsylvania Prison Society, kuma yanzu tana cikin masu sukar tsare fursuna shi kaɗai na dogon lokaci.