Kaduna sunan kogi ne kafin ya zama sunan gari

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya yana cewa: "Malam wai da gaske ne daga kada aka samo sunan Kaduna? Sannan me ake nufi da kogi bai ƙi yayyafi ba?"

To ɗan'uwa, maganar da ta fi shahara kenan. Kada tilo ne, jam'insa akwai kadoji, akwai kadanni, akwai kuma kadduna, wannan na ƙarshen ne ake cewa ya koma Kaduna saboda yawan kadojin da ke shan hantsi a bakin kogin a da. Sai dai Gbagyi da ke zaune a wajen tun kafin zuwan Bature akwai masu cewa daga harshensu sunan ya fito, kuma ni ba na gaggawar watsi da maganarsu, don su suka riga kowa shan ruwan nan.

Kogin ya girmi garin nesa ba kusa ba. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa tsakiyar Kaduna ya raba ta arewa da kudu, ya gangara Shiroro inda aka tare shi da dam mai ba da wuta megawat 600 tun 1990, ya wuce Zungeru, sai can ƙasar Nupe daura da Pategi ya faɗa Kwara wato Neja, tafiyar kusan kilomita 550. Abin dariyar ma shi ne Lugga, Baturen da ya mulki Arewa, da ya kafa hedikwatarsa a Zungeru a 1902, da aka tashi dawo da ita Kaduna a 1917 ai ba a bar kogin ba, sama kawai aka haura. 'Yar gadar ƙarfen nan ta Gamji Gate, wurin shaƙatawa a Kaduna, daga Zungeru aka kwance ta aka kawo.

Karin maganar kuwa, kogi duk cikarsa da damina har ya shafe gonakin fadama, in aka yi yayyafi karɓa yake. Ana faɗinta in talaka ya kai wa mai hali 'yar kyauta yana jin kunya, ko in ana zolayar attajirin da ko sisi ba ya bari ta wuce shi. Mutanen Sakkwato da Katsina su gulbi suke cewa maimakon kogi, shi ya sa za ka ji Gulbin Rima da Gulbin Maraɗi, amma ba ka taɓa jin Bakano ya ce Gulbin Challawa.