Mene ne a jikin sikirin ɗin waya da ke ɗaukar wutar lantarki amma ido ba ya ganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Kano, na daɗe a wannan sana'a. Kullum muna canza sikirin, amma akwai abin da ke ɗaure mini kai. Gilashi dai ba ya ɗaukar wuta, to ta yaya yake jin yatsa? Wani ɗalibi ya ce mini akwai shafen ƙarfe a jikinsa. In ƙarfe ne, me ya sa ake ganin hoto ta cikinsa? Yaya ake shafa shi? Kuma in ya tsage, ba za mu iya sayo sinadarin mu sake shafawa a shago ba, maimakon mu yar da sikirin ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗalibin nan ya kusa da gaskiya, amma bai shiga ba. Abin da ke wurin ba tsantsar ƙarfe ba ne, ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, wato dangin tsatsa. Sunansa a taƙaice ITO. Idan aka auna shi a sikeli, kashi 90 cikin 100 tsatsar wani ƙarfe ne mai suna indiyom, sauran kashi 10 kuma tsatsar kuza ce, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos. Shi indiyom ɗin a 1863 aka gano shi a garin Freiberg na Jamus, kuma sunansa daga launin shuni ya samo asali, domin da aka duba hasken da yake fitarwa a na'ura sai aka ga wani layi mai launin baban marina.

Ba a saman gilashin da yatsa ke taɓawa yake ba, yana can ƙasa a cikin jerin shimfiɗun sikirin. Shi ya sa wani lokaci gilashin sama zai farfashe amma waya ta ci gaba da jin yatsa, ku ɓare shi ku manna sabo. Kaurinsa yakan kama daga nanomita 20 zuwa 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 70,000 ko kusa da haka.

Dalilin da ya sa ake gani ta cikinsa abu biyu ne. Na farko, kafin wani abu ya shanye haske, sai ƙarfin hasken ya isa ya ɗaga elektiron, wato ɗan ƙanƙanin abin da gudunsa ne wutar lantarki, daga mazauninsa zuwa mataki na sama. A cikin ITO tazarar matakan nan ta haura 3.5 a ma'aunin da ake auna ta da shi, hasken da ido ke gani kuwa ƙarfinsa bai wuce 1.8 zuwa 3.1 ba. Tsani ne da bai kai katanga ba, sai hasken ya wuce abinsa. Na biyu, elektiron masu yawo a cikinsa ba su kai na ƙarfe yawa ba. Jan ƙarfe na wayar lantarki ya ninka shi wajen sau ɗari, kuma wannan cunkoson ne ke sa ƙarfe ya maido da haske kamar madubi. Na ITO sun isa su ɗauki wuta, amma hasken da suke iya maidowa shi ne na zafi, wanda ido ba ya gani. Kuɗin da aka biya kan wannan shi ne, ITO ya gaza jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta da kusan sau ɗari. Sulhu aka yi tsakanin gani da ɗaukar wuta, kowane ya rage wani abu.

To daga ina elektiron masu yawon suke zuwa, tunda tsatsa ba ta saba ɗaukar wuta ba? Daga wuri biyu. Duk inda ƙwayar kuza ta zauna a gurbin ƙwayar indiyom, takan saki elektiron ɗaya da ya yi mata yawa. Duk inda kuma aka bar gurbin oksijin babu kowa, za a iya samun har guda biyu. Ka riƙe wannan magana ta gurbin oksijin, za mu dawo kanta, domin a nan duk gwanintar aikin take.

Yanzu ga yadda ake shimfiɗa shi. Ka tuna yadda ruwan sama mai ƙarfi ke dukan ƙasa ya fantsama laka a gindin bango, har ka wayi gari ka ga bangon ya yi ja zuwa gwiwa? Babu wanda ya shafa, babu abin da ya narke, duka ne kawai ya ɗebo ƙasa ya kai ta jikin bango. Hanyar da masana'antu ke bi ke nan, mu kira ta fantsamawa.

Ana samun akwatin ƙarfe mai rufi gam, a zuƙe iskar cikinsa har ta koma kusan kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa. Sai a saki iskar agon kaɗan, wadda ba ta haɗuwa da komai, a tsayar da matsinta a ƙasa da faskal 1, alhali matsin iskar waje ya kai wajen faskal 100,000. A gefe guda akwai faifan ITO da aka gasa ya yi tauri kamar tangaran, a gabansa kuma, ratar 'yan santimitoci, gilashin da za a shafa. Sai a ba faifan wuta ta bolt ɗari uku zuwa ɗari biyar, ɓangaren da ke korar elektiron. Elektiron da ke gudu daga faifan su yi karo da ƙwayoyin agon, su fizge musu nasu elektiron ɗin, ƙwayoyin su koma masu caji. Iskar ta kama haske mai ruwan shanshanbale, abin da ake kira filasma. Su kuma ƙwayoyin agon masu cajin faifan ya jawo su da gudu, su dake shi, su ɓantaro indiyom da kuza da oksijin ƙwaya-ƙwaya. Abin da aka ɓantaro ya tsallaka ya sauka a kan gilashi, ya yi ta taruwa har ya zama shimfiɗa.

Wannan dabara tsohuwa ce. Wani Baturen Birtaniya, William Grove, ya lura da ita tun 1852, kuma shafe na farko da aka sani mai ɗaukar wuta ana gani ta cikinsa Karl Bädeker ne ya yi shi a Jamus a 1907, da tsatsar ƙarfen kadmiyom. Amma ta daɗe tana tafiyar hawainiya, domin yawancin elektiron sukan tsere ba tare da sun daki komai ba, wasu ma su faɗa kan abin da ake shafawa su gasa shi. Maganaɗisu ne ya warware matsalar. Frans Penning na kamfanin Philips a Holan ya nuna a shekarun 1930 cewa maganaɗisu na iya tsare elektiron a cikin irin wannan wuta, sannan a 1974 John Chapin a Amurka ya fito da shimfiɗaɗɗen faifai mai jerin maganaɗisu a bayansa, wanda shi ne uban na'urorin yau. Maganaɗisun kan tilasta wa elektiron su yi ta kewaya a dab da fuskar faifan, kamar dabbar da aka turke, har sai sun yi karo da agon sau da yawa. Filasma ta yi kauri a wurin da ake so, aiki ya yi sauri, iskar da ake buƙata ta ragu, gilashi kuma ya huta da zafi. Wannan tsari shi ake kira magnetiron. Akwai wani mai wannan suna a cikin na'urar ɗumama abinci, dangi ne ta wajen amfani da maganaɗisu, amma aikinsu daban.

Sai dai turken nan yana da tasa hasarar. Tunda dukan a zobe ɗaya yake sauka, faifan yakan cinye a wurin ya yi kwari, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. Kafin a ci sulusinsa kwarin ya kusa hudawa, dole a cire shi a mayar wa masu sake narkawa. Manyan masana'antu sun koma faifai mai siffar bututu da ke juyawa a kan maganaɗisun, wanda ake iya cin kashi 70 zuwa 80 nasa.

Mu dawo kan oksijin. Wani ɓangare na oksijin ɗin faifan yakan ɓace a hanya, famfo ya zuƙe shi. Saboda haka ana ƙara ɗan oksijin a cikin agon, sau da yawa kashi 1 ko 2 cikin 100 ko ma ƙasa da haka. In ya yi kaɗan, shafen ya fito da duhu-duhu, ruwan shayi, haske ya ragu. In ya yi yawa, ya fito garau gwanin sha'awa, amma gurabun nan duk sun cike, wuta ta ƙi wucewa yadda ake so. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn wuri inda juriyar wuta ke sauka ƙasa sosai, kuma wurin nan ba a tsaye yake ba. Yana gusawa yayin da faifai ke cinyewa, yana gusawa in damshi ya maƙale a bangon akwatin. A ganina duk wanda ya ce maka yana da lamba ɗaya da ke aiki a kowace na'ura, bai daɗe a gaban na'urar ba. Ni kaina shafen farko da na yi ina ɗalibi sai da ya fito kalar ruwan bunu, na yi kwana biyu ina zargin faifai, ashe bututun oksijin ne ban buɗe yadda ya kamata ba.

Zafi ma yana da nasa rabon. In gilashin yana da sanyi, ƙwayoyin sukan zauna inda suka faɗi babu tsari. Daga wajen digiri 150 zuwa 200 suke fara jeruwa, a lokacin ne kuza ke shiga gurbinta ta saki elektiron. Shi ya sa a kan gilashi ake ɗumamawa zuwa digiri 200 ko 300, ko a gasa bayan an gama. A kan ledar roba kuwa ba a iya kai nan, sai a haƙura da shafe mai ƙarancin inganci. Akwai kuma wata ɓoyayyiyar ɓarna: wasu ƙwayoyin oksijin sukan ɗauki caji irin na faifan, ya harbo su da cikakken ƙarfinsa su dinga huda shafen da ke girma. Maganinta shi ne a ƙara ƙarfin maganaɗisu domin a rage bolt. Faifan da bai matsu sosai wajen gasawa ba kuma yakan fito da baƙaƙen ƙuraje, su jawo tartsatsi, tartsatsin ya watsa ɓarɓashi, a samu ɗigon da ya mutu a sikirin.

Shafe mai kyau na nanomita 100 yakan ba da juriyar wuta ta wajen om 20 (ma'aunin juriyar ke nan) a kowace murabba'i, ya kuma bar sama da kashi 85 cikin 100 na haske ya wuce. In aka ninka kaurin, juriyar ta koma om 10, amma haske ya ɗan ragu kuma launi ya fara sauyawa.

Bayan an shimfiɗa, ba haka ake barinsa ba. Ana zana masa tsari da haske, a cinye sauran da asid, ya koma layuka a tsaye da a kwance waɗanda ba sa taɓa juna. Yatsanka, da yake jiki na ɗaukar wuta, yakan sauya cajin da ke mahaɗar layukan, ƙaramar ƙwaƙwalwar taɓawa ta gane inda aka taɓa. ITO kuwa tangaran ne, in aka miƙe shi da kashi 1 ko 2 cikin 100 ya tsage. Da zarar layi ɗaya ya yanke, duk abin da ke bayansa ya kurmance. Wannan ne sirrin sikirin ɗin da ake kawo maka wanda tsiri ɗaya daga sama har ƙasa ba ya jin yatsa. Wannan rauni ne ma ya sa wayoyi masu naɗewa suka koma amfani da ragar ƙarfe mai sirirtaka a ɓangaren taɓawa.

Game da sake shafawa a shago, gaskiya babu hanya. Ba ruwa ba ne da za a zuba a kwalba, kuma ko da an ba ka na'urar kyauta, sai ka samu wutar da ba ta ɗaukewa, ruwan sanyaya faifai, iskar agon tsantsa, da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Mai zama a Kano ya san abin da hunturu ke yi wa tebur cikin awa guda, ƙwayar ƙura ɗaya kuwa ta ninka kaurin shafen sau goma ko fiye. Bayan wannan akwai zanen layukan, da mannawa da fileks, wato siririn kebul ɗin da ke haɗa sikirin da allon waya, wanda da wani tef na musamman ake yi da zafi da matsi, domin dalmar da kuke amfani da ita ba ta kama ITO.

Akwai ɗan'uwansa da ake iya yi da feshi, FTO, wato tsatsar kuza mai ɗan fulorin, wanda ake fesa ruwan sinadarinsa kan gilashi mai zafin digiri 400 zuwa 500. Shi ɗaliban jami'o'inmu ke nema idan suna gwajin ƙaramin sola da rinin zoɓo, saboda yana jure gashin digiri 450 da aikin ke buƙata, inda ITO ke lalacewa. Amma fuskarsa na da kaushi, ba ya zanuwa da sauƙi, bai dace da sikirin ba. Akwai kuma AZO, na tutiya da alminiyom, mai araha, wanda shi ma da magnetiron ake yin sa, sai dai damshi na cutar da shi. Neman madadin nan tsadar indiyom ce ta jawo shi, domin ba a haƙarsa shi kaɗai, a wajen tace tutiya ake tsinto shi, kuma fiye da rabin abin da duniya ke tacewa daga Sin yake fitowa.

Kada wannan ya sa ka fara kankare tsofaffin sikirin don tara indiyom. Shimfiɗa ɗaya ta nanomita 100 a faɗin waya ba ta kai miligiram 10 ba. Ƙurarsa kuma illa ce: a 2003 likitoci a Japan sun ba da rahoton ma'aikacin da ke goge faifan ITO wanda ciwon huhu ya yi ajalinsa, bayansa kuma an samu wasu. Sikirin da ke zaune lafiya ba ya cutar da kowa, niƙawa da gogewa ne abin gudu.

In kana son ka gan shi da idonka, samo mataccen kalkuleta ko tsohon agogo mai lambobi, ka ciro gilashinsa, ka karkata shi a hasken taga. A gefen da gilashin ƙasa ya ɗan zarce na sama za ka hango siraran layuka masu ɗan ƙyalli. Ka sa mitarka a ma'aunin om, ka ɗora bakinta biyu a hankali kan layi ɗaya, lamba za ta fito. Ka juya bayan gilashin ka sake gwadawa, mitar ba za ta motsa ba.