Amsa ga mai tambaya kan iskar shokozoban keken hawan dutse

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayo keken gwanjo, shokozoban gaba na kamfanin RockShox ne mai tafiyar milimita 140 (iyakar nitsewarsa ke nan), na baya na Fox, nauyinka kilo 78. Da farko ya yi tauri yana dukan hannu, da ka rage iska kuma sai ya koma bugawa har ƙarshe a kowane rami, shi ne kake neman a faɗa maka psi (ma'aunin ƙarfin iska) nawa za ka sa.

Gaskiya duk lambar da aka ba ka daga nesa mafari ce kawai. Abin da ake aunawa shi ne yadda keken ke nitsewa idan ka hau, wanda littattafan kamfanonin ke kira sag. Danna sitiyari da hannu a tsakar gida ba zai gaya maka ko iskar ta yi daidai ba.

Kafin komai ka nemi famfon shokozoba, ɗan ƙarami mai geji da ke kaiwa psi 300. Don Allah kar ka kai wa mai faci. Bawul ɗin iri ɗaya ne da na tayar mota, amma ɗakin iskar ƙarami ne ƙwarai, psi biyar ma ana jin bambancinsa, injinsa kuwa ba ya wannan lissafin.

Ka buɗe shuɗin maɓallin da ke kulle shokozoba gaba ɗaya, kar ka bar shi a kulle. Ka sa duk abin da kake hawa da shi, hular kwano, takalmi, jaka da ruwanta. Wani ya riƙe maka sitiyari, ka miƙe tsaye a kan feda, ka ɗan girgiza keken, ka natsu. Sai ya tura zoben robar nan da ke jikin sandar ƙarfen har ya taɓa sil, wato robar da ke bakin inda sandar ke shiga, kai kuma ka sauka a hankali ba tare da ka danna ba. Ɗauko rula ka auna tazarar zobe da sil. A gaba ana son kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a naka ke nan milimita 21 zuwa 28. A baya kashi 25 zuwa 30, ka auna a zaune. A nan mutane ke ruɗewa: da tafiyar sandar shokozoban ake lissafi, ba da tafiyar taya ba. In sandar taka milimita 55 ce, kana neman 14 zuwa 16 da ɗoriya. Na gaba yawanci akwai jadawalin psi manne a ƙafarsa, fara da shi. Na baya kuma fara da nauyinka a ma'aunin fam, wajen psi 170, sai rula ta yanke hukunci.

Yayin da kake buga iskar, duk psi 50 ka tsaya ka danna shokozoban a hankali sau da dama. Ɗakin iska biyu ne a ciki, ɗaya na turawa sama, ɗaya na ja ƙasa don farkon motsi ya yi laushi, kuma ta wani ɗan tsagi suke daidaitawa idan fistin ya wuce ta wurin. In ba ka yi haka ba geji zai nuna maka daidai, keken kuwa ya yi tauri kamar turmi. Af, wannan "fis" da kake ji in ka cire famfo, iskar cikin tiyo ce, ba ta shokozoba ba, kar ka ƙara komai saboda ita.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka ta farko take: maɓalli mai launin ja, mai kula da saurin dawowar shokozoba. Idan dawowar ta yi jinkiri, ka bi ta kan duwatsu a jere, shokozoban bai gama miƙewa daga na farko ba na biyu ya same shi, haka zai yi ta dunƙulewa har ya zama ba shi da sauran tafiya. Hannu ya ji duka, mutum ya ce iska ta yi yawa, ya rage, abin ya ƙara lalacewa. Murɗa shi dama har ya tsaya, sannan ka dawo hagu kana ƙirga kowane ƙas, ka tsaya a tsakiya. Danna gaban da ƙarfi ka saki: ya taso da sauri, amma taya kar ta bar ƙasa. Na baya kuwa, sauko daga dakalin gefen titi kana zaune. Ya nitse, ya taso, ya tsaya. In ya yi ta lilo ƙara murɗawa dama, in ya taso da nawa sassauta. Duk lokacin da ka ƙara iska da yawa sai ka sake duba wannan.

Idan sag ya yi daidai amma har yanzu yana bugawa a tsalle, kar ka cika iska. Akwai 'yan robobi da ake sawa cikin ɗakin iskar su rage faɗinsa, RockShox na kiransu Bottomless Tokens. Farkon tafiya zai zauna da laushinsa, ƙarshen ya yi ƙarfi. Sa ɗaya ka gwada. Amma ka fitar da iskar kaf kafin ka kwance murfin sama, wannan ba abin wasa ba ne, yana iya tashi ya same ka a fuska.

Tunda na gwanjo ne, ni da zan ba ka shawara a buɗe ƙafafun gaban a sake mai da sil tun yanzu. RockShox sun ce a yi haka duk awa 50 na hawa, Fox kuma awa 125 ko shekara guda, kuma ba ka san rabonsa da mai ba. Busasshen sil yana riƙe sanda, ya ɓata maka awo, ya sa ka zargi iska a banza. Ƙurar hunturu irin tamu kuma ba ta raga masa, sai ka riƙa goge sandunan da tsumma mai laushi bayan kowace fita, ban da baƙin mai, ban da kananzir.

Ka zaɓi gajeriyar hanya ɗaya mai duwatsu ka yi ta maimaita ta, kana canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, ka rubuta psi da adadin ƙas a waya. In ka auna, turo mana milimita nawa ka samu gaba da baya da hoton rubutun jikin na bayan, sai mu ga ko robar za a ƙara.