Buhu a kan katako: nauyi ne ke sa shi zamewa?

Tambaya: Malam, ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 a Legas. In muna sauke buhunan albasa daga tirela, katako muke jinginawa mu sako su. Wani lokaci buhu ya tsaya cak a tsakiya, da an ɗan ƙara ɗaga katakon kuma sai ya taho da gudu. Abokin aikina ya ce buhu mai nauyi ya fi saurin zamewa. Haka ne?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ba nauyi ba ne, gangarar katakon ce.

Nauyin buhu a kan katakon da aka jingina kashi biyu yake rabuwa. Wani kaso yana jan sa ƙasa bin gangara, wani yana danne shi a jikin katako. Wannan dannewar ce ke haifar da gogayya, ita kuma take riƙe buhun. Da ka ƙara ɗaga katako, jan yana ƙaruwa, dannewar tana raguwa, har a kai inda gogayyar ta gaza. Kusurwar da katakon ya yi da ƙasa a daidai wannan lokaci ita ce kusurwar gogayya.

In ka ninka nauyin buhun, jan ya ninku, dannewar ma ta ninku, sai su tashi kunnen doki. Shi ya sa buhu mai kilo 50 da mai kilo 100, matuƙar irin buhu ɗaya ne a kan katako ɗaya, kusan a gangara ɗaya za su fara motsi. Wani Bafaranshe, Amontons, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1699.

Kai ma za ka iya aunawa. Daidai sanda buhu ya fara zamewa, raba tsayin kan katakon da nisan da ya ci a ƙasa. Tsayi mita 1, nisa mita 2, ka sami 0.5, kusurwa kimanin digiri 27 ke nan. Wannan 0.5 shi ne ma'aunin gogayya tsakanin buhun da katakon.

Gudun da ka gani kuwa shi ya fi damuna. Gogayyar abin da ke tsaye ta fi ta abin da ya riga ya motsa ƙarfi, saboda haka da buhu ya kuɓuce, gudunsa ƙaruwa yake yi har ƙasa. Don Allah kada kowa ya tsaya a gindin katako. Kuma da damina, in taɓo ko ruɓaɓɓiyar albasa ta shafi katakon, santsi zai sa buhu ya taho tun gangarar ba ta kai ta jiya ba.