Amsa ga mai tambaya kan waƙarsa da ake turawa a Kasuwar Dole

Malam, ka ce ka tarar da waƙarka a kwamfutar masu turi a Kasuwar Dole ta Damagaram, suna zuba wa mutane a waya suna karɓar kuɗi, kana tambaya ko kana da haƙƙi tunda ba ka yi mata rajista ba. Kana da shi. Nijar tana cikin yarjejeniyar Bern, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare haƙƙin masu fasaha, kuma a ƙarƙashinta haƙƙin mawaƙi yana tabbata ne tun ranar da ya ƙirƙiri aikinsa, ba sai da takarda ba. Dokarmu ta 2010 ma haka ta tanada.

Amma ranar jayayya hujja ake nema. Ka ajiye asalin naɗin da aka yi a situdiyo, ka kuma yi rajista da BNDA, hukumar da ke karɓo wa masu fasaha kuɗinsu. Ni dai ban ga amfanin faɗa da yaran nan ba, abincinsu suke nema. A sa su biya wani abu ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urorin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, da ake koyar da su da ayyukan mutane. A Disambar 2023 jaridar New York Times ta kai kamfanonin OpenAI da Microsoft ƙara a Amurka kan zargin kwasar rubuce-rubucenta ba izini don koyar da na'urorinsu. Mai lauyoyi kenan, balle mawaƙin Damagaram.